Kunna Waƙa Ba Wuya, Wa Zai Tsayar Da Ita?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu ma'aikatan ƙananan gidajen rediyo na Zango, kuma muna ganin lokaci ya yi da za mu shimfiɗa ta a gaban 'yan kasuwa, tun da yake kuɗin tallarsu ne ke riƙe da mu. Maganar kuwa ta kwamfutar nan ce da ke kunna waƙa da talla da wa'azi a gidajen rediyo, da ɗakunan sanarwa na tashoshin mota, da shagunan masu tura waƙa a waya, tun daga Nima da Maamobi har zuwa Aflao da Elubo da Paga da Bawku. Kowa ya iya kunna ta, har yaron da bai gama firamare ba. Amma idan aka zo ga tsayar da ita a lokacin da ya kamata, kuma ta hanyar da ta kamata, sai ka nemi mutum ka rasa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, duk inda aka haɗa kwamfuta da lasifika ana jiyar da jama'a, dole a samu mutum zaune a gabanta wanda ya san yadda ake tsayar da ita, kuma ɗan kasuwar da ke biyan kuɗi shi ya fi kowa ikon tilasta hakan.

Waɗanda suka yi aiki a zamanin kaset za su tuna cewa a da na'urar da kanta take tilasta maka zama. Kaset mai minti 60 yana da minti 30 a kowane gefe, idan ya ƙare sai ya tsaya, dole ka taso ka juya shi. Ba ka isa ka tafi cin waake ka bar tasha ba, domin shiru zai tona maka asiri. Haka aka yi ta aiki tun gidan rediyon gwamnati, wanda ya faro a 1935 da sunan ZOY, yana shi kaɗai a ƙasa, har zuwa lokacin da jami'an tsaro suka rufe Radio Eye a 1994, Joy FM ta fara a 1995, Radio Ada kuma ta buɗe wa rediyon al'umma hanya a 1998. To a daidai wannan tsakanin ne kwamfuta ta shigo. An fitar da manhajar Winamp a Amurka a 1997, VLC ta fito daga hannun ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, VirtualDJ ta biyo baya a 2003. Da kwamfutocin gwanjo suka fara sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, sai ya zama mutum zai iya jera waƙoƙi da tallace-tallace na awa goma a jere, ya danna maɓalli ɗaya, ya ja ƙofa ya yi tafiyarsa. Na'urar ba ta gajiya, ba ta cewa a juya ta, kuma ba ta san abin da ke faruwa a bakin titi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna ƙin kwamfuta ne. A'a, ta sauƙaƙa mana aiki ƙwarai, kuma babu wanda zai yarda ya koma neman waƙa da biro a cikin ramin kaset. Matsalar ita ce mun karɓi rabin ilimin mun bar rabi.

Bari mu fara da abin da ya shafi aljihun ɗan kasuwa kai tsaye. A jikin kowace manhajar kunna sauti akwai alamomi da aka gado daga rikoda. Mai kusurwa uku ita ce ta kunnawa. Mai sanduna biyu a tsaye ita ce ta dakatarwa, wato sautin zai tsaya cik a inda yake, idan aka sake dannawa ya ci gaba daga nan. Mai kusurwa huɗu ita ce ta tsayarwa gaba ɗaya, idan aka sake kunnawa sai abin ya koma farko. Sannan akwai ta huɗu, mai hoton lasifika, wadda ke toshe murya kawai. Wannan ta huɗun ita ce ke cinye kuɗin mutane. Idan ka toshe murya, ko ka ja sandar miksa ƙasa, ba ka tsayar da komai ba. Kwamfutar tana nan tana gudu, tana cinye abin da aka jera mata ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba wanda ke ji.

Yanzu ka ɗauka kai mai sayar da albasa ne ko atamfa, ka biya a sa maka talla sau biyar a rana. An fara kiran sallar La'asar a masallacin da ke kusa, yaron da aka bari a ɗakin sanarwa ya ji kunya, ya miƙa hannu ya murɗe murya, wanda kuma niyyarsa mai kyau ce. Minti biyar ko goma ya wuce, ya dawo ya buɗe. A cikin wannan shirun tallarka ta zo ta wuce. Idan ka je ƙorafi za a buɗe maka jerin abin da na'ura ta kunna, a nuna maka sunan tallarka da minti da daƙiƙa, a ce ai ga shi nan an sa. Kuma ba ƙarya aka yi maka ba, na'ura ta sa, kunne ne bai ji ba. Mun sha ganin irin wannan gardama a tsakanin mai talla da mai tasha, kowa yana rantsuwa, kowa kuma yana da gaskiyarsa. Da yaron nan ya danna alamar sanduna biyu maimakon ya murɗe murya, da komai ya jira shi, tallar ta fita bayan salla lokacin da kasuwa ta sake cika.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne masu ƙera manhajojin nan sun riga sun yi tanadin duk wannan tun shekaru fiye da ashirin da suka wuce. A Winamp, haruffa biyar da ke jere a layin ƙasa na allon rubutu su ne ke tafiyar da komai: Z komawa baya, X kunnawa, C dakatarwa, V tsayarwa, B wucewa gaba. Idan ka riƙe Shift ka danna V, waƙar za ta yi ta raguwa a hankali har ta mutu, ba za ta yanke kamar an shaƙe mawaƙi ba. Idan kuma ka riƙe Ctrl ka danna V, ka gaya wa na'urar ke nan cewa ta ƙarasa wannan da take kai, daga nan ta tsaya kada ta shiga na gaba. Wannan na ƙarshen kamar don mu aka yi shi. Ka duba agogo ka ga saura minti uku a kira salla, waƙar da ke tafiya saura minti biyu, ka danna shi, shi ke nan, ta ƙare lafiya ta yi shiru. A VLC kuwa, dogon maɓallin nan na ƙasa wanda ake ba da tazara da shi, shi ne ke dakatarwa ya kuma ci gaba, S na tsayarwa, M na toshe murya. A Windows Media Player, Ctrl da P na dakatarwa, Ctrl da S na tsayarwa. Duka wannan bai kai karatun minti goma ba, amma ka zaga shaguna goma a Nima ka tambaya, ka ga nawa za su amsa maka.

Akwai kuma wani tarko da ke kama har waɗanda suka san haruffan. Maɓallan nan suna aiki ne kawai idan manhajar waƙar ce ke gaba a fuskar kwamfuta. Idan yaro ya buɗe Facebook a kanta, ko yana tura wa wani fim a memori, to ya yi ta danna dogon maɓalli har gobe, waƙa ba za ta tsaya ba, sai ya ruɗe ya shiga neman linzami a ƙarƙashin tarin wayoyi, ƙarshe ya fizge waya daga soket. Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Akwai allunan rubutu masu maɓallan sauti na musamman a samansu, waɗanda galibi ke aiki ko mene ne a buɗe, kuma ana samunsu na gwanjo a Circle. Wanda ya iya sayen lasifika mai tsayin mutum ba zai ce allon rubutu ya gagare shi ba.

Wasu abokan aikinmu za su ce ai an wuce nan, yanzu akwai manhajojin gidan rediyo irin su ZaraRadio da ake saita wa lokaci, su tsayar da waƙa da kansu su sa kiran salla da kansu. Gaskiya ne akwai, kuma muna amfani da su. Sai dai mu yi wa juna adalci mu duba abu biyu. Na farko, rana ba ta bin agogon kwamfuta. A nan Akra, faɗuwar rana tana kaiwa da komowa da kimanin rabin awa a cikin shekara, a watan Nuwamba tana faɗuwa kafin ƙarfe 6 saura kwata, a watan Yuli kuma sai ta haura 6 da kwata. A can arewa, wajen Paga da Bawku, tazarar ta fi haka. Bugu da ƙari, ko da yake Gana da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa agogonsu ɗaya ne, rana tana riga faɗuwa a Aflao kafin Elubo da kimanin kwata na awa. Saboda haka wanda ya saita Magariba a kan ƙarfe 6 daidai ya bar ta haka shekara guda, ko ya kwafi jadawalin Akra ya kai Elubo, to wata rana zai sa mutane su sha ruwa rana na sama, wata rana kuma ladan na kira shi yana kiɗa.

Na biyu, yawancin kwamfutocinmu tsofaffi ne. A cikin kowace akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe mata lokaci idan an kashe ta. Idan ya mutu, duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai agogon ya rikice ya koma wata shekara can baya. Waɗanda suka riƙe tasha a shekarun dumso, daga 2012 zuwa 2016, sun san abin da muke faɗa. Wuta ta dawo da azahar, kwamfuta ta tashi tana ganin tsakar dare ne, ta shiga sa abin da aka ajiye don dare. Batirin ba wani kuɗi ba ne, amma sai an samu mutumin da ke duba agogon kafin a san ya mutu.

Sai kuma batun cakuɗa. Masu tura waƙa suna zuba komai a jaka ɗaya: karatun Alƙur'ani, da tafsirin azumi, da waƙoƙin finafinan Kano, da Shata, da kiɗan samarin Nima. Idan aka danna alamar kibau biyu masu giciye, na'ura za ta riƙa tsinto abu ba bisa tsari ba, sai ka ji an idar da sura, ko numfashi ba a yi ba, ganga ta ɓarke. Mu ba malamai ba ne, ba za mu yanke hukunci a kan kiɗa ba, kuma gidajenmu na sa waƙa kullum. Amma ko wanda bai yi makarantar allo ba ya san kowane abu da muhallinsa. A raba jakunkuna, a kashe alamar cakuɗa da ta maimaitawa idan ba a bukatarsu, magana ta ƙare. Haka nan wanda ya haɗa wayarsa da lasifikar shago ya tuna cewa idan kira ya shigo, ko ya buɗe saƙon murya na WhatsApp, layin kasuwa gaba ɗaya zai ji nawa aka sayo buhu a Cinkasse da wanda ake bi bashi.

To me ya sa muke ɗaga murya a kan abin da wani zai ga ƙarami ne? Saboda idan ba mu tsayar da na'urorinmu da hannunmu ba, wasu za su zo su tsayar mana, kuma ba za su tambaye mu wanne ne wa'azi wanne ne talla ba. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, EPA, tana da ma'aunin ƙara: a unguwar zama mai natsuwa desibel 55 da rana, 48 da dare, a wuraren kasuwanci kuma 75 da rana, 65 da dare. Lasifikar biki ɗaya da aka ƙure ta wuce nan nesa ba kusa ba. Majalisun ƙananan hukumomi suna da dokokinsu na hana hayaniya. A kowace shekara kuma majalisar sarakunan Ga, masu ƙasar da muke zaune a kanta, tana hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, galibi tsakanin Mayu da Yuni, kafin bikin Homowo, kuma manya sun tuna arangamar da aka yi da wasu coci-coci a kan wannan a ƙarshen shekarun 1990. Sannan ba mu manta ba, a watan Afrilun 2018 ministan muhalli na lokacin, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, ya kawo shawarar cewa a riƙa sanar da lokacin salla ta saƙon waya ko WhatsApp maimakon lasifika. Zango ta yi caa a kansa, mu ma muna cikin waɗanda suka ƙi wannan shawara, har gobe kuma muna kan bakanmu. Kiran salla na minti uku ne ko huɗu, da muryar mutum mai rai. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, maƙwabcin da ya kai ƙara, ladan ne ya hana shi barci, ko kuwa wa'azin da aka ɗora a kwamfuta tun ƙarfe 3 na dare aka sa alamar maimaitawa, wanda ya ɗora shi kuma ya koma ɗaki yana minshari? Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Kuma kasuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. A Aflao maƙwabcinka Ewe ne, a Elubo Nzema ne, a Nima kuwa babu ƙabilar Afirka ta Yamma da babu. Ba za ka tilasta wa wanda ba addininku ɗaya ba ya kashe rediyonsa don kai za ka yi salla, sai dai ka roƙe shi, kuma da yawansu suna ragewa da kansu ba tare da an ce musu komai ba. Abin kunya shi ne ya zama mai shagon da ke zuwa coci ya rage nasa, shagon Alhaji kuma yana ta zuba kiɗa saboda Alhaji ya tafi masallaci ya bar na'ura ita kaɗai. Haka idan an fito da gawa za a wuce da ita, a da mai rikoda yakan miƙa hannu ya kashe har a wuce. Yau sai a ratsa layi guda da makara, mai maganin basir da aka naɗa a lasifika yana ta maimaita farashinsa.

Ga kuma lafiyar kunne, wadda ba ma son a yi maganarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Yaron shago da ke wuni daga safe zuwa Isha'i kunnensa na jingine da akwatin lasifika yana cikin wannan lissafi, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Mun san uzurin masu tashoshi, domin a cikinsu muke. Za su ce ba kuɗin ɗaukar ma'aikacin dare, tallar da ake samu ba ta biyan wuta da haya balle albashi, dole a bar wa na'ura. Wannan gaskiya ce, kuma gidan rediyo da dare bai dame mu sosai ba, tun da mai saurare na da ikon murɗe akwatinsa ya kwanta. Inda ba mu yarda da uzurin ba shi ne lasifikar da ke kan sanda a tasha ko a ƙofar shago, wadda ba wanda ke da ikon kashe ta sai mai ita. Idan babu mai zama, to a kashe ta har a samu. Da rana kuwa, lokacin da tallace-tallacen mutane ke tafiya, babu wani uzuri ko a gidan rediyo. Wanda ya karɓi kuɗin talla ya karɓi amana.

Saboda haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa, da sarakunan Zango, da shugabannin tashoshin mota, su sa wannan a cikin sharuɗɗan da suke gindayawa kafin a ba wa kowa wurin kafa lasifika. Kai kuma ɗan kasuwa, kafin ka miƙa sidi ɗaya na talla, ka shiga ɗakin da kanka ka ga wanda ke zaune. Ka ce ya dakatar da abin da ke tafiya a gabanka, ya kuma ci gaba daga inda ya tsaya. Idan hannunsa ya nufi murfin murya, ka san inda tallarka za ta riƙa zuwa. Ka duba agogon da ke kusurwar ƙasa ta fuskar kwamfutar ka gwada da na wayarka. Ka nemi a rubuta maka a rasit lokutan da za a sa tallar, kuma kada a sa ta cikin kwata na awa kafin kiran salla ko bayansa. Sannan ka sa ɗaya daga cikin yaranka ya riƙa saurare a waɗannan lokuta na mako na farko, yana yi maka alama a takarda.

Mu kuma a namu ɓangaren, ƙofofin gidajen rediyon al'umma a buɗe suke. Duk ƙungiyar 'yan kasuwar da ke son a koya wa yaranta waɗannan maɓallai, ta tara su ranar da ba ta kasuwa ba, kowa ya zo da sunan manhajar da ke kan kwamfutar shagonsu, domin haruffan Winamp daban, na VLC daban.